Kundin Aikin Sauya Tukunyar Ɗumama Wani Bene Mai Hawa Uku

2 ga Satumba

Yau na zagaya ginin da aka ba ni aikin sauya masa tukunyar ɗumama ruwa, kuma na yanke shawarar rubuta duk abin da ya gudana tare da kwanan watansa, domin mafi yawan wannan aiki yana ƙarewa ne a bayan bango da ƙarƙashin daɓe, inda ido ba zai sake ganinsa ba. Tsohon bene ne mai hawa uku, da lagireto 22 a ɗakunansa, wato faifan ƙarfen nan da ake kafawa a jikin bango ruwan zafi ya ratsa ciki ya ɗumama ɗaki. Tukunyar tana ƙasa, da gas take aiki, kuma farantin da ke jikinta ya nuna ƙarfinta kilowat 60 ne.

Koken mai gidan biyu ne. Hawan sama ba ya yin ɗumi komai daɗewar wuta a kunne, alhali mutanen ƙasa har taga suke buɗewa saboda zafi, sannan gas yana tafiya fiye da kima. Abin da ya nema shi ne a sa masa tukunyar da ta fi wannan girma. Ban ba shi amsa nan take ba. Na tsaya gaban tsohuwar tukunyar da agogo a hannu, na ga tana kamawa minti uku ta mutu, ta huta minti biyar ta sake kamawa. Tukunyar da ta gaza ba haka take yi ba, ita ci take yi babu tsayawa amma ruwa ya ƙi kaiwa zafin da ake so. Wannan kuwa zafin da take samarwa ne ya rasa hanyar fita. Na shafa lagireton falo da tafin hannu, samansa ba ya taɓuwa, amma tsakiyar gindinsa sanyi ƙalau kamar ba a kunna komai ba. Da na kwance ɗan bawul ɗin fitar da iska, ruwan da ya ɗigo a tsumma baƙi ne wuluk.

6 ga Satumba

Kwana uku muka yi ni da yaron aikina muna awon ginin ɗaki bayan ɗaki, shi da tef ni da littafi. Tukunya ba ta da wani aiki illa ta mayar wa gini zafin da yake yoyarwa ta bango da taga da rufi da kuma iskar da ke shiga tana fita, saboda haka wanda bai san yawan yoyon ba, ba shi da hujjar zaɓen kowace tukunya. Lissafin ba shi da wuya: a ninka faɗin bango da adadin zafin da kowace murabba'in mita ta irin wannan gini take bari ya wuce, sannan a ninka da bambancin zafin ciki da na waje. Na ɗauki digiri 20 a ciki da digiri 3 ƙasa da sifiri a waje a matsayin rana mafi sanyi, bambancinsu 23 ke nan.

Zan kawo lissafin ɗakin kusurwa na hawan sama, tunda shi aka fi kuka da shi. Bangonsa na waje murabba'in mita 18 ne na bulo marar rufin hana yoyon zafi, yana ɓatar da wat 621. Tagarsa mai gilashi biyu, murabba'in mita 3, tana ɓatar da wat 193, rufinsa kuma wat 221. Iskar da ke cikinsa kubik mita 40 ce, idan tana sauyawa sau ɗaya a awa, ɗumama sabuwar da ta shigo yana cin wat 304. Jimla kimanin wat 1,340. Haka muka bi sauran ɗakunan, kuma da na tara na ginin gaba ɗaya sai na samu kilowat 26. Na sake bin lissafin daga farko saboda tazarar da ke tsakaninsa da 60 ta yi yawa, amsar ba ta sauya ba. Kuma wannan 26 ɗin ta rana mafi tsananin sanyi ce, a yawancin kwanakin hunturu rabinta ma ya wadatar.

11 ga Satumba

Na zauna da mai gidan da takardun lissafi a gabanmu. Tambayarsa ta farko ita ce, "Malam, idan sittin ba ta isa ba, ta yaya talatin za ta isa?" Tambaya ce mai ma'ana, kuma na ba ta lokacinta. Na bayyana masa cewa zafin yana nan, hanyar kai shi sama ce ta toshe, kuma ƙara girman tukunya ba ya buɗe toshewa, sai dai ya ƙara yawan kamawa da mutuwa, wanda ke cinye gas yana kuma gajiyar da kayan kunna wuta.

Tukunyar da na ba da shawara mai kilowat 30 ce, tana iya rage wutarta da kanta har zuwa kilowat 5, kuma irin wadda ke tatsar zafi daga hayaƙinta ce. A nan ne zuciyar aikin take. Idan gas ya ƙone yana haifar da tururin ruwa, kimanin lita ɗaya da rabi daga kowace kubik mita, kuma tsofaffin tukwane suna sakin wannan tururi ta bututun hayaƙi da zafinsa duka. Sabuwar tana sanyaya hayaƙin har tururin ya koma raɓa a cikinta, zafin da ya saki kuma ya shiga ruwan gida. Abin da ake iya cetowa ta wannan hanya ya kai kusan kashi 11 cikin ɗari. Sai dai raɓar ba ta sauka sai ruwan da ke dawowa daga ɗakuna ya kasance ƙasa da digiri 55 ko wajen haka, kuma gwargwadon sanyinsa gwargwadon abin da ake samu. Na sha ganin irin wannan tukunya an kafa ta an bar ta a digiri 80, ta shekara goma ba ta taɓa yin aikin da aka saye ta dominsa ba, kuma abin yana damuna ƙwarai.

Don haka na tsara ruwan tafi ya fita a digiri 60 ya dawo a 40 a rana mafi sanyi. Wannan yana da abin da yake jawowa. Ƙarfin da ake rubuta wa lagireto an auna shi ne a lokacin da matsakaicin zafin ruwansa ya ɗara na ɗaki da digiri 50. Idan bambancin ya sauko zuwa 30, kamar yadda na tsara, abin da zai bayar rabi ne da ɗan ɗoriya. Na ɗakin kusurwa an rubuta masa wat 1,800, zai koma wajen 920, ɗakin kuwa 1,340 yake nema, saboda haka sai an sa mai faifai biyu na wat 2,600. Guda shida ne a ginin suka faɗa wannan rukuni, sauran 16 tun asali an sa su da girma fiye da buƙata. Ya amince da tsarin.

18 ga Satumba

Mako guda ke nan da zuba maganin narka tsatsa, tsohuwar tukunyar tana zagaya shi. Yau muka zubar da ruwan, muna auna shi da bokiti mai lamba, aka samu lita 240, adadin da zan buƙata nan gaba. Daga nan muka haɗa injin wanki muka bi lagireto ɗaya bayan ɗaya, a rufe sauran a tura ruwa ta gaba sannan ta baya.

Na falon nan mai sanyin gindi mun cire shi mun fitar da shi waje. Da muka karkata shi, abin da ya fito ba ruwa ba ne, baƙin taɓo ne mai kauri mai ɗan ƙyalli, yana gangarowa a hankali yana barin layi a kan siminti. Yaron ya tsoma sandar maganaɗisu a ciki, ta fito ta yi gashi, baƙaƙen ɓarɓashi sun tsaya cirko-cirko a jikinta. Ya ce, "Maigida, ashe ƙarfe ne." Ƙarfe ne kuwa, jikin lagireton ne da kansa iskar da ke cikin ruwa ta ci shekara da shekaru. Ruwa ba ya tsami banza, don haka na bincika, aka shaida mini cewa kusan kowane mako sai an ƙara wa tsarin ruwa saboda matsi yana sauka. Kowane sabon ruwa da sabuwar iskarsa yake shigowa, da kuma farin ɓawon da ke daskarewa a cikin tukunya.

25 ga Satumba

An sauke tsohuwar tukunya. Da muka ɗaga katakon daɓe a hawa na biyu domin bin bututun da ke hawa sama, sai muka tarar da ainihin dalilin sanyin. Lagireto bakwai na hawan sama, masu neman kilowat 10, duk a kan siririn bututu ɗaya na milimita 15 suke, kuma a wata kwana an lanƙwasa shi da hannu har ya malƙwaye. Na yanke wurin na ɗaga shi wajen haske, ramin da ya rage bai fi kaurin fensir ba. Za mu sauya layin da bututun jan ƙarfe na milimita 22, wanda girman raminsa ya ninka na 15 fiye da sau biyu. Na gargaɗi yaron kada ya matse bututun a cikin katako, domin jan ƙarfe mai tsawon mita 12 yana ƙaruwa da kusan milimita 10 idan zafinsa ya hau da digiri 50, kuma idan bai samu wurin motsi ba shi ne ƙarar ƙas-ƙas da ke hana mutane barci.

1 ga Oktoba

Sabuwar tukunya ta hau bango. Bututun hayaƙi na karkata shi kaɗan zuwa wajen tukunya kamar yadda littafinta ya ce, domin raɓar da ta sauka a cikinsa ta komo ciki. Bututun zubar da raɓar na roba ne, saboda ruwan yana da tsami kuma yana cin ƙarfe. A kan layin dawowa, dab da tukunya, na sa matatar ruwa mai maganaɗisu da ke kama ɓarɓashin ƙarfe, a kan layin tafi kuma na sa abin cire iska, tunda a wurin da ruwa ya fi zafi ne iskar da ta narke a cikinsa take fita.

Tankin ɗaukar kumburin ruwa shi ne abin da aka fi rainawa, alhali rashinsa ne ya kashe tsohon tsarin. Na tarar fatar robar tsohon ta fashe, ya cika da ruwa, shi ya sa duk lokacin da aka kunna wuta matsi ke hawa har bawul ɗin tsaro ya zubar, da safe kuma a ga geji, wato ma'aunin matsi, ya faɗi a ƙara ruwa. Ruwa yana kumbura da kusan kashi 3 cikin ɗari idan ya tashi daga digiri 10 zuwa 80, a lita 240 lita bakwai ke nan, kuma ruwa ba ya matsuwa, dole a ba shi wurin zuwa. Daga tukunya zuwa lagireto mafi tsayi mita bakwai ne, kowace mita goma ta ruwa kuma tana daidai da bar ɗaya, saboda haka na sa iskar tankin a bar 1.0, za a cika tsarin a 1.2, bawul ɗin tsaro kuma yana buɗewa a 3. Ɗan tankin da ya zo a cikin tukunyar ba zai ɗauki wannan ba, na ƙara wani na lita 25.

4 ga Oktoba

Gwajin matsi bai wuce ba a karon farko. Na ware tukunya da tanki da bawul ɗin tsaro, na matsa bututun zuwa bar 4.5, wato ninki ɗaya da rabi na iyakar aikinsu, cikin minti ashirin allura ta sauka kaɗan. Muka bi kowane haɗi da busasshiyar takarda, har muka kai ga wata kwana a sabon layin sama, inda takardar ta jiƙe. Ni na yi wannan liƙi da hannuna, kuma dalmar ba ta zagaya ta ɓangaren da ke fuskantar bango ba domin ban sa madubi na duba ba. Da an rufe daɓe a haka, ɗigon zai riƙa bushewa a jikin bututu mai zafi ba wanda ya gani, matsi yana sauka ana ƙara ruwa, a koma gidan jiya. Na zubar da ruwan layin, na sake liƙin, allura ta tsaya cik awa biyu.

9 ga Oktoba

Yau aikin ruwan wanka ne. Tankin lita 300 ne mai naɗaɗɗen bututu a ciki, ruwan tukunya yana bi ta cikinsa ba tare da ya gauraya da na amfani ba. Ɗaga lita ɗaya da digiri ɗaya yana cin wat 1.16 na awa guda, don haka kai tankin daga digiri 10 zuwa 60 ya ɗan haura kilowat 17 na awa, abin da tukunyar za ta gama cikin kimanin minti arba'in. Na tsara idan tanki ya nemi zafi a dakatar da ɗakuna na wannan ɗan lokaci, tukunya ta hau zafi mai yawa, idan ta gama ta komo ƙasa. Ginin bulo ba ya hucewa cikin minti arba'in, kuma da wannan tsari babu buƙatar ƙara girman tukunya saboda wanka.

Digiri 60 ɗin ba zaɓi ba ne. Ƙwayar cutar lijiyonela tana hayayyafa a ruwan da ke tsakanin digiri 20 da 45, musamman wanda ya kwanta, kuma tana shiga huhu ta feshin ruwan wanka. An san ta ne bayan ɓarkewar da ta kashe mutane a taron tsofaffin sojojin Amurka a birnin Filadelfiya a 1976. Amma ruwa mai digiri 60 yana sale fata cikin 'yan daƙiƙoƙi, ga shi gidan akwai yara da tsofaffi, saboda haka na sa bawul mai gauraya zafi da sanyi kusa da kowane wurin wanka, na tsayar da shi a 43. Mun kuma yanke wani makahon bututu mai tsawon mita huɗu da ya rage daga wani famfo da aka cire tuntuni, ruwan cikinsa ya yi wari.

14 ga Oktoba

An kunna wuta. Kafin nan an gwada layin gas an tabbatar ba ya yoyo, kuma wannan ɓangare aiki ne na mai lasisin gas kaɗai, ba na mai koyo ba. Na sa na'urar awon hayaƙi a babbar wuta da ƙaramar wuta, iskar kabon dayoksayid ta nuna kashi 9.1, cikin iyakar da littafin tukunyar ya gindaya, kabon monoksayid kuma ƙasa sosai. Duk da haka na kafa ƙararrawarta a ɗakin tukunyar, domin iska ce marar wari da launi, mutum yakan ɗauka ciwon kai ne kawai. Bayan tsarin ya yi zafi mun zubar da ruwan karo na ƙarshe, muka cika, muka zuba maganin hana tsatsa.

17 ga Oktoba

Kwana biyu muna daidaita rabon ruwa, aikin da ba ya da kayan sayarwa, shi ya sa ake yawan tsallake shi. Kilowat 26 a bambancin digiri 20 tsakanin ruwan tafi da na dawowa yana buƙatar lita 1,120 a awa, amma ruwa hanya mai sauƙi yake bi. Idan an bar kowane bawul a buɗe, lagireton da ke kusa da tukunya sai ya kwashe fiye da rabonsa, ruwan ya wuce da gudu ya dawo da zafinsa, na nesa kuma ya tashi a tutar babu. Illar biyu ce a lokaci guda, sama ta yi sanyi, ruwan dawowa kuma ya yi zafin da zai hana raɓa sauka.

Mun cire kawunan bawul masu rufe kansu, muka ɗaura ma'aunin zafi a bututun shiga da na fita na kowane lagireto. Na falo da farko yana karɓa a 58 ya mayar a 54. Na riƙa matse bawul ɗin fita da sifana kwata-kwata, ina jiran minti goma sha biyar bayan kowane juyi kafin in sake karantawa, har ya rage rabin juyi kacal a buɗe. Taɓa ɗaya yana sauya sauran, don haka sau uku muka zagaya ginin. Da yammacin yau dattijon da ke ɗakin kusurwa ya kira ni, ya kama hannuna ya ɗora a gindin sabon lagiretonsa. Na ce, "Baba, yaya ka ji shi?" Ya ce rabonsa da jin ɗumi a wannan wuri har ya manta. Na kuma rage gudun injin tura ruwa mataki ɗaya, shuuu ɗin da ake ji a bawul na ƙasa ya ɗauke.

6 ga Nuwamba

Sanyi ya fara shigowa, yau da asuba ma'aunin waje ya nuna digiri 4. Na'urar da na kafa a bangon da rana ba ta bugu tana gaya wa tukunya sanyin waje, ita kuma ta zaɓi zafin ruwa da kanta. Na tarar ruwan tafi a 50, na dawowa a 37, raɓa tana ɗiga a kai a kai a bututun roba, kuma cikin awa ɗaya da rabi da na yi a wurin wutar ba ta mutu ko sau ɗaya ba. Geji yana 1.2 da sanyi, 1.6 da zafi, kuma ba a ƙara ruwa ba tun ranar da aka cika. Ɗakin kusurwa yana digiri 20.

Ba komai ne ya daidaita ba. Wani ɗaki a hawa na biyu ya tsaya a 18, na duba lagiretonsa lafiya lau, amma labulen tagar yana motsi da kansa, robar gefen tagar ce ta mutu, na sanar da mai gidan. Da na buɗe matatar ruwan mai maganaɗisu na tarar baƙin taɓo mai kaurin yatsa, alamar akwai saura a tsofaffin bututun, don haka zan sake buɗe ta bayan mako uku. Akwai mita biyu na bututun raɓa da suka bi ta waje, dole in sauya su da na milimita 32 in naɗe su kafin ƙanƙara ta sauka, domin idan ya daskare tukunyar tsayawa za ta yi a daren da aka fi buƙatarta. Bututun ɗakin ajiya ma ba a gama naɗe su ba. Na roƙi mai gidan ya riƙa rubuta lambar mitar gas kowace Litinin, kuma ranar farko da sanyi ya sauka ƙasa da sifiri zan dawo da asuba in auna ruwan dawowa da zafin ɗakunan sama, in ga ko digiri 60 ɗin da na tsara za ta riƙe ginin ko sai an ɗan ɗaga ta.